Larabar da na faɗi Step 1

Ranar Laraba ce, don sakamakon USMLE, jarrabawar samun lasisin aikin likita a Amurka, galibi Laraba yake fitowa, ina ɗakin likitoci na kwana kol, wato aikin dare a asibiti, ko wanka ban yi ba imel ya shigo. Na buɗe, na ga na faɗi Step 1, matakin farko na jarrabawar. Na kife wayar kusa da kofin shayin da ya huce, sai ga nas ta leƙo tace dokta yaron gado na huɗu zazzaɓinsa ya ƙi sauka, na tashi na je ina dubashi hannuna na rawa, uwar sai godiya take min ni kuwa ban ma san me bakina ke faɗa ba.

Tun Janairun 2022 aka daina ba da maki a Step 1, ko ka ci ko ka faɗi kawai, kuma wallahi wannan ne ya ruɗe ni, na raina ta tunda wajen kashi 60 cikin ɗari ake buƙata. Alhali gwajin NBME, wato jarrabawar gwaji ta hukumar da ke shirya ta, guda uku na yi kafin tafiya babu wanda na tsallake, na san haka sarai, amma na riga na yanki tikitin Accra inda zan zauna jarrabawar na kama masauki, ga kuɗin rajista da dala wanda Yaya ya haɗa min da ƙyar, sai na saki raƙumina na ce tawakkali ne. Awa takwas, kashi bakwai, tambaya har 280. Mu mun saba da hadda, a tambaye ka cuta ka zayyano alamominta, su kuma labarin mara lafiya za su ba ka mai tsawo, ka gano cutar a ranka, sannan su tambaye ka sinadarin da ya lalace ko yadda maganin ke aiki a cikin ƙwayar halitta. Tun a kashi na biyar jikina ya ba ni.

Sati uku ina ɓoyewa. Duk dare Umma sai ta ce likita har yanzu shiru? in ce bai fito ba, kuma wannan ƙaryar ta fi faɗuwar ci min rai, barci ma gagarata ya yi. Ranar da na faɗa wa Yaya a ƙofar shagonsa ya yi shiru jim kaɗan, yace to nawa ne a sake, amma wannan karon kar ka saka rana sai ka shirya.

Faɗuwar nan ba ta gogewa. Tana nan a takardar sakamako, duk asibitin da na nema ta ERAS, shafin neman gurbin horon ƙwarewa a asibitocin Amurka, zai gani, wasu ma daga nan za su ajiye takarduna. Sannan tun 2021 sau huɗu kacal aka yarda mutum ya zauna kowane Step, to gaggawar ramuwa ba tawa ba ce. Na rage kol, na sake bin UWorld, rumbun tambayoyin atisaye, daga farko, duk tambayar da na kuskure sai na rubuta dalili a littafi, rashin sani ne ko gaggawa ko ban karanta tambayar da kyau ba, kuma rabin shafukan gaggawa ce. Ban saka rana ba sai da NBME ya nuna na wuce da tazara sau biyu a jere. Na ci. Ƙarfina duka na mayar kan Step 2 CK, mataki na biyu, tunda ita har yanzu da maki take fitowa, ita kaɗai zan iya ajiyewa gefen waccan faɗuwar.

Wasu abokai sun ce in an tambaye ni a intabiyu in ce rashin lafiya na yi. Ban yarda ba, lafiyata ƙalau a ranar, kuma mutanen da za su miƙa min marasa lafiya nake so su ɗauke ni. A bayanin kaina da ake haɗawa da takardun nema layi uku na rubuta: na shiga ban shirya ba, ga abin da na canza, ga makin Step 2. Satumba na tura takardu, sakamakon Match, wato rabon gurbin asibitoci, sai Maris, ranar kuma na riga na faɗa wa Umma tun yanzu.