Inda keken ɗinki ya yi ƙaura: daga Jakarta zuwa Semarang

Da sassafe na hau jirgin ƙasa a tashar Gambir ta Jakarta, a ƙasar Indunusiya, na nufi Semarang a Jawa ta Tsakiya. Ba mu yi nisa ba muka ratsa Bekasi da Cikarang da Karawang, masana'anta na bin masana'anta, babura jibge a bakin ƙofofi kamar fari. A wannan yankin ne su Toyota da Honda ke haɗa motocinsu.

Wata mata ce a kujerar kusa da ni, rungume da jakar kaya. Na ce mata, "Ibu, gida za a je?" Haka suke kiran mace don girmamawa. Da guntun Turanci da nuni da hannu muka fahimci juna. Ta shekara goma sha biyu tana ɗinkin takalma a Tangerang da ke dab da Jakarta, har ranar da aka kwance kekunan aka loda a manyan motoci zuwa Brebes, can Jawa ta Tsakiya. Ta nuna mini ɗan yatsanta, allura ta bar masa kanta.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A Indunusiya kowace gunduma da nata mafi ƙarancin albashi. A 2024 na Karawang ya haura rufiya miliyan 5 a wata, na Brebes kuwa da kaɗan ya wuce miliyan 2. Ga kuma babbar hanyar da ta haɗa Jakarta da Surabaya, wadda aka kammala a 2018, kwantena na isa tashar jiragen ruwa ba wahala. Mai haɗa mota yana buƙatar ƙwararru da masu kawo masa kayan gyara a kusa, sai ya zauna. Mai ɗinki kuwa keke da hannu kawai yake nema.

Bayan Cirebon sai ga gonakin albasa na Brebes, can tsakiyarsu wani dogon gini sabo fil, rufin kwano na ƙyalli. Ni dai ban iya cewa ci gaba ne ko ci baya ba, aiki ya zo ƙofar gida amma da ƙasa da rabin kuɗinsa.

Na tambaye ta ko za ta nemi gurbi a can. Ta yi dariya, ta ce 'yan mata masu jini a jika suke ɗauka, ƙanwarta ma tana ciki. Ta sauka a Tegal, ni kuma na zarce Semarang.