Jan wuri a taswira, ciwo a gwiwa: tafiyata Dutsen Kagoro

Bayan sallar asuba muka bar garin Kaduna, ni da yayana, malamin daji. Muka bi ta Kachia, inda aka shanya citta a bakin titi, muka wuce Zonkwa, rana ba ta take ba muka isa Kagoro.

Tun a mota ya buɗe kwamfuta yana nuna min aikin da ya kwana yi a QGIS, manhajar zana taswira ta kyauta. Ya ɗauko bayanan tudu da kwari waɗanda kumbon NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya auna a shekarar 2000, manhajar ta lissafa gangaren kowane gefe na dutsen: kore inda ƙasa ta kwanta, ja inda ta miƙe tsaye. Ya tura taswirar a waya don ta yi aiki ko babu intanet. Ni dai na ɗauka adon kala ne.

Da muka shiga jan wurin, gwiwoyina suka gaya min gaskiya. Ina kama saiwar doka da hannu biyu, silifas ɗina na zamewa, shi kuwa yana gaba yana duba ɗigon GPS da ke nuna inda muke a taswirar.

"Yaya, ko dai mu huta?"

"Ƙarasa nan tukuna, ka ga wani abu."

Kututturen madobiya ne guda uku, sabon yankan injin zarto, jan ruwan itacen ya bushe a jiki kamar jini. Daga nan aka ja gungumen kai tsaye zuwa ƙasa. Ruwan damina ya bi sawun, ya haƙa rami har ƙuguna. Ya ce yankan bai dame shi kamar hanyar jan gungumen ba, don ita ce ke zama kwazazzabo ta kwashe ƙasar gonakin gindin dutse. A taswirarsa hanyar da ta dace a bi tana kewaya dutsen a kwance, ta fi tsawo, amma ruwa ba ya samun gudu a kanta.

Ramin nan fa babu shi a kwamfuta, don kowane ɗigo na bayanan yana wakiltar faɗin mita 30 ne a ƙasa, ƙaramin rami ba ya fitowa. Sai ya tsuguna ya ɗauki hoto, ya sa masa alama da hannu.

Saukowa, ba na ɓoyewa, da mazaunai na yi rabinta.