Ramin taki da tassa: yadda nake raya fako a Adar

Fako ba ya shan ruwa. Ko sama ta kwana tana zuba, gudu ruwan yake yi a kansa ya faɗa kwari, ya tafi da ƴar ƙasar da ta rage. A nan Tahoua, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kuma duk cikin wata uku zuwa huɗu yake sauka, wanda ya bar nasa ya gudu ya yi asarar damina. Shi ya sa na raba aikin biyu: ramin taki a bayan gida tun lokacin ɗari, sai tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwa, a gona da rani.

Ramin nakan haƙa shi a inuwa, ƙarƙashin bedi in da hali, tsawonsa mita 2, faɗi mita ɗaya da rabi, zurfi kamar mita 1. A ƙasa nakan shimfiɗa karan hatsi da aka sassara guntu-guntu, kaurin taƙi ɗaya. Dogon kara ba ya ruɓewa da wuri, sai a buɗe ramin bayan wata uku a tarar da shi yadda aka sa shi. A kan karan sai kashin bisashe, rabin wancan kaurin, sannan abin da ya fito daga madafa da tsakar gida: ɓawon albasa, ƙaiƙayi, ganyen da aka share, sauran tuwon da ya lalace. Toka kuwa barbaɗawa kawai ake yi. Mutane na son jibga ta saboda tana da yawa a gida, amma in ta yi yawa sai ramin ya riƙa warin fitsari, kuma wannan warin ƙarfin takin ne ke tashi a iska. Kowane hawa a yayyafa masa ruwa, a sake jerawa har ramin ya cika, a rufe da tsohuwar zana.

Kafin shara ta shiga ramin sai an tsince ta. Leda, kwalba, tsohon batir, ba ɗaya da zai zama taki. Tun 2014 akwai dokar da ta hana baƙar leda a Nijar, amma duk wanda ya duba kashin da ake kwasowa daga bola ya san inda maganar ta tsaya.

Ruwa ne wuyar aikin a garinmu. Ruwan wankin hatsi, na alwala da na ɗaurayar kwanuka ya isa in ana tara shi a jarka. Mai omo da yawa nakan zubar da shi wani wuri, don gishirinsa taruwa yake yi. Gwajin laima da hannu ne: ka damƙi takin ka matse. In ruwa ya tsiyaya, ya yi yawa, nan gaba kaɗan zai yi warin ruɓaɓɓen ƙwai, sai a ƙara busasshen kara a juya. In ya wargaje da ka buɗe hannu, ƙishi yake ji. Nakan kuma soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku ko huɗu, in na zare ta ya kamata ta yi zafin da ba a iya daɗewa riƙe da ita. Wannan zafin ne ke kashe yawancin irin ciyawar da ke cikin kashin dabba. Sandar da ta fito da sanyi, ko ruwa ya gaza ko kashin ya yi kaɗan. Duk kwana 15 a juya, na gefe ya koma tsakiya. Cikin wata biyu zuwa uku ya yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan fari.

Tassa tsohuwar dabara ce, amma yadda ake yin ta yanzu, da faɗi da kuma taki a ciki, ya yaɗu ne bayan da manoman Illela ta nan Tahoua suka je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka ga abin da manoman can, irin su Yacouba Sawadogo, ke yi. Da diga nake haƙawa tun watan Maris ko Afrilu: faɗin baki santimita 25 zuwa 30, zurfi 15 zuwa 20, tsakanin rami da rami kamar mita 1, wato wajen rami 10,000 ke nan a hekta guda. Layukan a gicciye da gangara ake jan su, kuma ramin layi na biyu ya faɗa daidai tsakanin biyu na layin farko, don ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa wancan. Ƙasar da aka fitar a tara ta ta gefen gangara. Wanda ya tara ta ta sama ya tare wa raminsa ruwa da hannunsa, kuma na sha ganin haka a gonakin da aka ba ƴan ƙwadago ba a tsaya a kansu ba.

Kowane rami cikin tafi biyu na taki, kimanin giram 300, a rufa da ƴar ƙasa don kada iska ta kwashe. A sa shi makonni kafin ruwa. Gara za ta zo, kuma a bar ta: ita ke huda fakon ta buɗe wa ruwa hanya zuwa ƙasa. Ɗanyen kashi da aka zuba ranar shuka yakan ƙone tsiro, musamman in ruwa ya ɗauke. Shuka sai bayan ruwa mai ƙarfi, wanda ya jiƙa ƙasan ramin sosai, kuma bayan mako biyu zuwa uku a cire a bar tsiro uku.

Tassa ba ko'ina take amfani ba. A jigawa yashi ke cike ramukan kafin damina ta kankama, wahala ce kawai. A wurin da ruwa ke kwanciya kuma, hatsi yakan yi ɗorawa ya tsumbure, gara a sa dawa.

Cikin kashin awaki akwai irin itace, don haka a shekarar farko za ka ga gawo da bagaruwa sun tsiro a wasu ramukan. Gawon nakan kafa masa sanda don kada a sare shi wajen noma. Da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana. In ya yi rassa nakan bar masu ƙarfi biyu ko uku, in datse sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya saɓule, in kewaye shi da ƙaya kafin a saki bisashe bayan girbi.