Maleji nawa ne ya yi yawa?

Asabar, da dare.

Wunin yau duk a tsakanin motocin hannu na yi shi, ni da Kawu. Shi na ɗauka saboda tun ina yaro yake kwance inji yana ɗaurawa, ni kuwa iyakar sanina in tayar da mota in tuƙa. A hanya na tambaye shi malejin da in mota ta haura shi sai mutum ya haƙura da ita. Sai ya ce, "A shekara nawa ta yi tafiyar?" A lissafinsa, motar da mutum ke hawa don harkokin gida takan ci kilomita 15,000 zuwa 20,000 a shekara. Wadda ta shekara goma tana nuna 170,000 ba ta yi laifin komai ba. Wadda ta yi 120,000 a shekara uku kuwa, to ko haya aka yi da ita, ko mai ita a kan titi yake kwana. Ya kuma ce in riƙa duba ko da mil agogon maleji yake ƙirga ko da kilomita, don mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Mil 100,000 ya kai kilomita 160,000, kuma dillali ba zai yi gaggawar tuna maka ba.

Motar farko da muka duba shekararta 11, agogonta na nuna 58,000. Tana ta ƙyalli, an wanke ta har cikin inji. Dillalin sai nuna min dashbod yake da ɗan yatsa: "Alhaji, duba da idonka, wannan ko fita ba a yi da ita." Kawu ko kallon wurin bai yi ba. Ya durƙusa a ƙofar direba ya leƙa ƙasa, sannan ya yafito ni. Robar da ke kan birki ta cinye ta gefen dama har ƙarfe ya fito. Sitiyari ya yi sumul a inda hannu ke kamawa, soson kujerar direba ya lotsa ta wajen da ake shiga da fita. Ya ce, "Ɗana, ƙafa ba ta cinye wannan robar a dubu hamsin." Da ya buɗe bonet sai ga wata 'yar takarda a manne daga ciki, irin wadda ake liƙawa bayan juyen mai, an rubuta cewa juye na gaba a 143,000 ne. Mai wankin motar bai kula da ita ba. Dillalin ya ce wataƙila bonet ɗin wata mota ne aka canja. To ko da gaskiyarsa, me ya sami bonet ɗinta na asali? Muka yi masa sallama.

Da ina zaton agogon zamani mai lambobin lantarki ba ya juyuwa. Kawu ya ce da na'ura ake mayar da shi baya, kuma ya fi na da saurin yi. Sai dai a wasu motocin ana adana lissafin tafiyar a wani sashe na kwamfutar motar, in an jona na'urar bincike yakan fito.

Ta biyu ita ce ta ɗauke mu lokaci. Shekararta 7, ta yi 165,000, abin da ya ɗan haura lissafin Kawu. Ni dai da na ga lambar raina ya ɗan sosu. Amma mai ita da kansa ya zo, ya miƙo mana littafin sabis da rasitai, kowane juyen mai da kwanan wata da malejin da aka yi shi, suna bin juna babu tsallake. Ya ce aikinsa na tafiye-tafiye ne tsakanin garuruwa. Jikin motar ya gaskata shi: gaban bonet da gilashi duk ƙananan tabon tsakuwa ne, amma robar birki da kujera kamar ba a taɓa su ba.

A nan Kawu ya yi min bayanin da ya fi zauna min. A doguwar hanya inji yana ɗaukar zafinsa ya tsaya a kai, giya ba ta yawan canjawa, birki yana hutawa. Abin da ke cin inji shi ne tayarwa da sanyi kafin mai ya zagaya ko'ina, da gajerun tafiye-tafiye, da tsayuwa cikin cunkoso. Kuma duk sa'o'in da mota ta yi a tsaye inji na aiki, agogo ba ya ƙirga ko ɗaya. Shi ya sa 80,000 ta cikin gari kan fi 150,000 ta babbar hanya gajiyar da mota.

Kafin a tayar da motar ta biyun, Kawu ya ɗora tafin hannunsa a kan inji, don ya tabbatar ba a riga an ɗumama ta ba. Ta tashi bugu ɗaya. Ya zagaya baya ya ce in taka totur, yana kallon salansa ko zai ga shuɗin hayaƙi, alamar inji na shan mai. Babu. Ya zaro sandar man giya ya goga a farin ƙyalle, ya shinshina, ya ce bai ƙone ba. Abu ɗaya ya rasa a cikin rasitan: canjin taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin fistin da bawul a cikin inji. Injin nata mai bel ne, ba mai sarƙa ba, kuma galibin kamfanoni suna cewa a canja shi tsakanin 90,000 da 160,000. In ya tsinke ana cikin tafiya, a injina da yawa fistin yakan bugi bawul, aiki ya koma na kwance inji.

Ta uku ba mu daɗe a kanta ba. Malejinta na gaskiya ne, 31,000 a shekara 9, ajiyayyiya ce kawai. Tayoyin duk sun tsattsage ta gefe duk da zanensu bai cinye ba, kuma lambobi huɗun da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera su sun nuna tun na kamfani ne. Mai yana tsattsafowa ta ƙasan inji saboda robobi sun bushe, faifan birki ya yi tsatsa. Ta burge ni, ba zan ɓoye ba, har yanzu cikinta yana ƙamshin sabuwa. Kawu ya ce za ta yi, amma in shirya sayen taya, batir da robobi tun makon farko, alhali mai ita kuɗin ƙaramin maleji yake nema.

Na kira mai ta biyun bayan isha'i. Ya amince mu kai ta a jona mata na'ura ranar Litinin, a kuma ɗaga ta a duba ƙasanta. Na gaya masa in komai ya fita lafiya, kuɗin bel da famfon ruwan inji daga cikin farashin za a cire, tunda tare ake canja su. Ya ce zai yi shawara kafin safiya.