Karatun dutsen Aihole

Malamin da ya koya mana karatun rubutun duwatsu a jihar Karnataka ta Indiya ba ya yarda ɗalibi ya tsaya ga littafi, sai ya kai ka gaban dutsen. Haka muka hau tudun Meguti a garin Aihole, inda wani ɗakin bauta na mabiya addinin Jain yake, da rubutu layi 19 a jikin bangonsa na gabas. Harshen Sanskirit ne, amma da tsoffin haruffan Kannada aka sassaƙa shi.

Wahalar farko ta ido ce. Da rana tsaka haruffan sukan ɓace cikin jan dutsen. Sai idan hasken na zuwa daga gefe ramin kowane harafi yake fitowa. Masu wannan aiki sukan jiƙa takarda su manna a dutse, su bubbuga da buroshi har ta shige ramukan, sannan su shafa tawada, rubutun ya fito fari a kan baƙi. Mu ba mu taɓa bangon ba, don wurin yana ƙarƙashin kariyar hukuma. Da hoton irin wannan takarda muka riƙa gwada abin da idonmu ya gani, layi bayan layi.

Mawaƙin fada ne ya tsara shi, Rabikirti, domin sarkinsa Pulakeshin na Biyu na gidan Calukya, wanda ke mulki daga birnin Badami. Ya sa shekara, 556 a ƙirgen Shaka, wato 634 ko 635 Miladiyya, kuma wannan ce ta sa masana ke ji da dutsen. Ya jero kakannin sarki, ya jero ƙasashen da ya ci, ya faɗi yadda ya tare Harsha, babban sarkin arewa, a wajejen kogin Narmada.

Duk wanda ya taɓa jin kirarin sarki a fada zai gane muryar nan take: sarki ba ya faɗuwa, abokin gaba ba ya da gaskiya. Inda na fi daɗewa shi ne maganar Mangalesha, ƙanen mahaifin Pulakeshin, wanda ya riƙe sarauta kafinsa. Rabikirti ya ce hassada ta kama shi, ya so ɗora ɗansa a kan karaga, ya rasa mulki da rai. Yaƙin gida guda, an naɗe shi cikin baiti biyu. Alhali Mangalesha yana da nasa rubutun, a wani ginshiƙin dutse na Mahakuta, kusa da Badami, inda shi ne gwarzon. Abin ya tsaya mini a rai, domin wanda ya yi nasara ne ya ba da labarin ƙarshensa.

Daga nan na koyi kada in karanta dutse shi kaɗai. Maganar Harsha ta samu shaida daga waje: wani matafiyi ɗan ƙasar Sin, Shuwanzan, ya ziyarci ƙasar Pulakeshin, ya rubuta cewa Harsha ya kasa cin ta. Abin da ya biyo baya kuwa ba ya Aihole. Sai da muka je Badami aka nuna mana wani gogaggen rubutu a jikin dutse na Narasimhabarman na Ɗaya, sarkin gidan Pallawa daga birnin Kanci, wanda ya ci birnin wajen shekarar 642, ƙasa da shekara goma bayan Rabikirti ya gama yabonsa.