Rikicin ma'aikata: littafin fayil nake fara buɗewa

Idan aka kawo mini ƙarar ma'aikata biyu a sashenmu, kafin in kira kowa sai na buɗe littafin shige da ficen fayil. A nan ɓarnar take fitowa. Fayil ɗin da ya saba barin tebur cikin kwana 2 sai ya yi mako 3, don mai sa hannu ba ya ga maciji da wanda zai karɓa. Ɗan fansho da ke zaune a benci yana jiran takardarsa, shi ke ɗanɗana kuɗar faɗan da bai san tushensa ba.

Daga nan sai jadawalin ayyuka. Yawancin abin da ake kira rashin jituwa, aiki ɗaya ne aka rubuta wa mutum biyu, ko wanda ba a rubuta wa kowa ba. Sai kuma alawus ɗin tafiya: in kullum mutum ɗaya ake turawa kwas, sauran za su noƙe, ko da ba su furta ba. Maganin wannan shi ne jerin sunaye a manne a allo, kowa ya san ranar da layi zai zo kansa.

Ina ganin kowanne daga cikin ma'aikatan biyu shi kaɗai, minti 20, ƙofa a rufe, in rubuta abin da ya faɗa in karanta masa. Sai bayan kwana ɗaya nake haɗa su, kuma kan aiki kawai ake magana: wa ke karɓa, wa ke sa hannu, cikin kwana nawa. A rubuta, su sa hannu, a sake zama bayan mako 2.

Kuskuren da na daina shi ne gaggawar ba da takardar tuhuma. Dokokin aikin gwamnati sun tanade ta, kuma sata ko cin zarafi dole su je gaban kwamitin ladabtarwa. Amma a kan ɗan saɓani, takardar tana shiga fayil ɗin mutum, ya ga ƙarin girmansa na cikin haɗari, sai ya koma yin iya abin da aka rubuta masa, ko tsinke ba zai ƙara ba. Sauyin wurin aiki ma bai cika warkarwa ba. Na taɓa canza wa ɗaya sashe ban taɓa jadawalin ba, wanda ya gaje shi bai cika wata ba suka fara irin wannan faɗan.