Ranar da birki ya yi mini laushi a Hawan Kibo

In ana hirar mota a majalisa kullum inji ake yabo, wai wannan ba ta shan mai, waccan ta shekara goma ba a buɗe injinta ba, birki kuwa ba mai tuna shi sai ya fara ƙara. Ni ma haka nake wallahi har zuwa hutun da ya wuce.

Mun taso daga Jos za mu biki Akwanga, Sienna ce, mu bakwai har da yara, ga buhun dankali biyu a but ga akwatuna. Duk wanda ya san Hawan Kibo ya san gangarar nan ba ta wasa, ni kuma na bar giya a D na ɗora ƙafa kan birki tun daga sama ban ɗaga ba. Can sai na ji wari kamar ana ƙona roba, na taka na ji abin ya yi laushi yana nutsewa, uwargida sai salati take. Allah ya taimake ni na rage giya har zuwa L, injin ya riƙe motar muka samu gefen titi.

Da bakanike ya zo tambayarsa ta farko ita ce, Alhaji yaushe rabonka da canja man birki? Tun da na sayi motar ban taɓa ba, ƙari kawai nake yi in ya ragu. Ashe man nan yana shan danshi daga iska, in ya daɗe kuma birki ya ɗau zafi sai ruwan da ke ciki ya tafasa ya koma tururi, shi ya sa kake takawa ba ya kamawa. Ya ce duk shekara 2 a zubar a zuba sabo, irin wanda aka rubuta a murfin wurin zuba man, tawa DOT 3 ce.

Fad ɗin gaba ma, wato waɗanda ke matse faifan birki in an taka, sun cinye ko milimita 3 ba su kai ba, masu arha na saya don in rage kashe kuɗi, har sun fara cin faifan. Motar ba ta da laifi, nauyinta ita kaɗai ya kusa tan 2 kafin a loda mutane da kaya, kuma birkin gaba ne ke ɗaukar yawancin wahalar.

Abin da har yau yake hana ni barci, 'yar autata tana kwance a kujerar baya tana ta barcinta, sai da muka tsaya ta farka tana tambaya ko mun iso.